Amsa ga 'yar'uwar da ƙanenta yake cewa gara ya mutu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce ƙanenki ya daina zuwa gona, ba ya ci, ba ya barci, kuma sau biyu kin ji ya ce gara ya mutu ya huta, kina tambayar inda za ku kai shi da gaggawa alhali kuna ƙauye. Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye mana shinkafa a yankin Auyo, ɗan yayana ya shiga irin wannan hali, mu kuwa muka shafe kusan wata biyu muna ba shi haƙuri da cewa kowa ma ya yi asara. Jinkirin nan shi ne abin da har yau nake nadama.

Daga daren nan kada a bar ƙanenki shi kaɗai, a samu wanda yake jin daɗin zama da shi ya kwana ɗaki ɗaya da shi. A kwashe maganin feshi da fiya-fiya da maganin ɓera da ragowar ƙwayoyin asibiti, a kai gidan maƙwabci a kulle, domin wannan tunani yakan taso ne kamar hadari, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa, kuma idan babu komai a kusa da hannunsa a wannan lokacin, sau da yawa an tsira.

Ki tambaye shi a fili, cikin taushin murya: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mun ji tsoron tambayar, muna zaton za mu cusa masa abin da bai yi niyya ba, amma likita ya gaya mana ba haka ba ne. Ranar da mahaifiyar ɗan yayana ta tambaye shi, kuka ya yi, ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ina roƙonki kada a tari ƙanenki da wa'azin azabar wuta. Ya san haramun ne, saninsa ma shi ya sa yake jin kunyar faɗa.

Idan kuna Jigawa, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure; idan kuna Kano, akwai na Dawanau, da sashen wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In sun yi muku nisa, ku je babban asibitin da ya fi kusa, ku faɗa wa likita maganar kamar yadda yaron ya furta ta, kada ku ce ciwon kai ne kawai. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, sai dai a ƙauye ni na fi so ki riƙe lambar mai mota ko mai babur da zai tashi ko da tsakar dare. Idan, Allah ya kiyaye, ya riga ya sha wani abu, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Addu'a da ruƙiyya ba mu daina ba, limaminmu da kansa ya raka mu asibiti. Abin da na ƙi shi ne shawarar a ɗaure shi da mari, domin mara lafiya ne, ba mai laifi ba. Maganin da aka ba shi ya ɗauki kusan mako huɗu kafin mu ga sauƙi, don haka kada a yanke magani ba da iznin likita ba. Kuma ki lura idan ƙanenki ya natsu farat ɗaya, ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane, wannan alama ce ta haɗari, a koma asibiti a ranar.

Namu yaron bana shi ya dasa mana shinkafa. Ki gaya mini ƙaramar hukumarku, in duba miki asibitin da ya fi kusa da ku. Allah ya ba shi lafiya.