Na canza fasuwod har sau biyu amma har yanzu ana shan datarmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Dan Allah taimako nake nema. Maigidana ya sayo muna rauta irin wadda ake sa ma sim, muna zuba data ta wata guda amma wallahi ko sati biyu ba ta kaiwa kuma mu biyar ne kawai cikin gidan. Da marece sai in ga samarin unguwa sun jeru bisa dakalin ƙofar gidanmu kowa ya duƙe kan waya. Na sa an canza fasuwod har sau biyu, kwana kaɗan sai su dawo. Wani ya ce mani in ɓoye sunan wayfai ɗin shike nan. Mi ya kamata in yi? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ɓoye sunan nan da ake cewa SSID ba zai raba ki da su ba gaskiya, duk wanda ya riga ya san sunan da fasuwod zai rubuta da hannu ya shiga abinsa, ke ce ma za ki sha wahala duk ranar da aka yi sabuwar waya a gidan.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kin canza sau biyu sun dawo, to ɓarakar daga cikin gida take. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, waya na iya nuna wayfai ɗin da take kai a matsayin hoton QR, aboki ya haska kyamararsa ya shige ba tare da an faɗa masa harafi ko ɗaya ba, kuma yaron da ya nuna zai rantse miki har da Alkur'ani bai faɗa wa kowa fasuwod ba, kuma fa bai yi ƙarya ba. Sai a zauna da yaran gida tukuna.

Toh ga gyaran. Ki juya rautar, akwai 'yar takarda manne a ƙasa ko a baya, za ki ga adireshi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. Ki rubuta shi a burauza lokacin da wayarki ke kan wayfai ɗin. Zai nemi suna da fasuwod na shiga saitin, wanda daban yake da na wayfai, kuma da yawa daga kamfani admin ne sama admin ƙasa. Shi za ki fara canzawa, domin in kin bar shi haka duk wanda ya samu ya shigo zai iya buɗe shafin nan ya juya miki komai yadda ya ga dama.

Daga nan ki shiga inda aka rubuta WLAN ko Wi-Fi. A wajen tsaro ki zaɓi WPA2, in rautar na da WPA3 da ya fito a 2018 ya fi, sai dai tsofaffin wayoyi kan ƙi hawa, in haka ta faru ki koma WPA2 ba laifi. WEP kam kar ki kusance shi, an daɗe da fasa shi. Ki kashe WPS ma, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta fasuwod ba, tun 2011 aka gano lambarsa mai guda 8 ana iya cankarta.

Fasuwod ɗin wayfai kuwa mafi ƙaranci harafi 8 yake karɓa, har zuwa 63, ni na fi son 12 zuwa sama. Banda lambar wayar maigida, banda sunan auta da shekarar haihuwarsa, su ake fara gwadawa. Ki haɗa kalmomin da ba su da dangi da juna kamar hura-Dange-kwado-47, amma kar ki ɗauki wannan tunda kowa ya karanta shi a nan. Ke da kanki za ki riƙa sa wa mutane a waya.

Sunan ma ki canza shi, amma kar ki sa Gidan Alhaji wane, ki sa abin da ba zai nuna gidanku ba. In rautar na da sashen baƙi ki buɗe shi da fasuwod daban, in an yi suna ko biki a ba jama'a wannan, a kashe bayan an watse.

Wurin da kuka aje ta ma yana da tasiri. In tana kan taga kusa da zaure ai dole dakali ya samu sabis, ki maido ta tsakiyar gida cikin inuwa, dama zafin Sakkwato ba ya barin na'ura lafiya a bakin taga.

In kin gama duk wannan, bayan isha'i lokacin da samarin suka hallara ki buɗe shafin saitin ki duba jerin wayoyin da ke kai ki ƙirga. In kin ga baƙuwa ki toshe ta, ko da yake wayoyin yanzu na iya canza lambar MAC ɗinsu, wato lambar da rauta ke gane kowace waya da ita, su dawo, don haka a sake fasuwod. In kuma kin ga wayoyin gida ne kaɗai amma data na ta ƙarewa, to Hajiya a sakar wa samarin dakali mara, a duba wa ke kwana kan TikTok a cikin ku biyar ɗin.