Yadda gundumar Montgomery ta hana birni lamushe gonakinta

Malam, ka tambaya ko akwai inda birni ya matso da ƙarfi amma aka hana shi cinye gonaki da ƙauyukan gefensa, kuma ta wace hanya. Akwai. Misalin da masu tsara birane suka fi kawowa shi ne gundumar Montgomery a jihar Maryland ta Amurka, wadda ke manne da birnin Washington.

A 1980 majalisar gundumar ta keɓe eka kusan 93,000, wato kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta, can arewa da yamma har bakin kogin Potomac, ta ce nan na noma ne. Kafin nan ana iya gina gida ɗaya a kowace eka 5, sabuwar doka ta mayar da shi gida ɗaya a eka 25. Da a nan suka tsaya, da manoma sun ta da ƙayar baya, kuma da gaskiyarsu. Gona ita ce fanshon manomi, ita yake jinginarwa a banki, in ka rage abin da za a gina a kanta ka karya mata daraja.

Sai aka mayar da izinin gini haja mai zaman kanta. Ɗauki mai eka 100. A da gida 20 zai iya yi, don haka aka ba shi izini 20. Yanzu gida 4 kawai zai gina a gonar, kowanne ya ci izini ɗaya. Sauran 16 sai ya sayar wa kamfanonin gine-gine, su kuma su kai su unguwannin da hukuma ta ware, inda riga akwai titi da makaranta da famfo, su ƙara gidaje a kan adadin da aka yarje musu. Da zarar ya sayar, sai a rubuta sharaɗin hana gini a rajistar filaye, kuma sharaɗin yana bin gonar ko ta koma hannun magada ko an sayar da ita. Lura, kuɗin daga aljihun magina ya fito, ba daga baitulmali ba.

Abin da mutane suka fi mantawa, wanda a ganina ya kai dokar muhimmanci, shi ne bututu. Hukuma ba ta kai bututun dagwalo yankin ba, kuma babu kamfanin da zai jera ɗaruruwan gidaje inda kowane gida sai ya haƙa ramin salgarsa. Ga kuma haraji: tun 1956 Maryland ta fara kimanta gona bisa abin da take nomawa, ba bisa abin da dillalin fuloti zai taya ba.

To amma ba a rasa ɓaraka ba. Izinin nan ba shi da daraja sai da mai saye. Idan unguwannin da aka ware don karɓar izinin suka cika, ko mazauna can suka ƙi ƙarin cunkoso, ko hukuma ta ba magini ƙarin gidaje kyauta ta wata ƙofar, farashi sai ya faɗi, manomi ya zauna da takarda a hannu. Sannan izinin da manomi ya riƙe ya fi waɗanda ya sayar tsada nesa ba kusa ba, domin mai kuɗin birni na son katafaren gida a eka 25 da dawakinsa. Ciyawa na nan kore shar, amma noma ya tafi, matashin da ke son shiga harkar kuma ba zai iya sayen ƙasar ba. Wannan ya sa a 2008 aka buɗe wani shiri na biyan manomi ya soke wannan ragowar izinin. An kuma yi ta rigima kan fulotin da doka ta yarda a yankar wa 'ya'yan manomi, saboda wasu suna karɓa su sayar. Wata rigimar kuma ita ce ta kafa farantan sola a gonakin yankin, waɗanda a 2021 aka ƙayyade musu eka 1,800.

In kana tunanin gida ne, dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka cinikin izini irin wannan sai an yi masa sabuwar doka. Abin da za ku iya bibiya tun yanzu shi ne inda za a ja sabon titi da inda ake shirin yanka fuloti, kafin a kafa duwatsun iyaka.