Me ya sa ra'ayin masu kallo ya rabu kan fim ɗin Delicious?

Tambaya: Na kalli Delicious, tsohon fim ɗin Amurka na soyayya da waƙa. Wasu na yabonsa, wasu na cewa ɓata lokaci ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Kowa da abin da ya je nema. Kamfanin Fox ne ya fitar da shi a 1931, David Butler ya ba da umarni. Janet Gaynor ta fito a matsayin Heather, 'yar Sikotilan da ta shiga jirgin ruwa zuwa New York, ta kuɓuce wa jami'an shige da fice, ta kamu da son wani attajiri ɗan wasan folo, wanda Charles Farrell ya fito a matsayinsa.

Masu yabo kiɗan suke bi. Shi ne fim na farko da George Gershwin, shahararren mai tsara kiɗa na Amurka, ya tsara wa kiɗa, kuma inda Heather ke yawo cikin dare a titunan birnin, a tsorace, kiɗa na tashi, nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi.

Masu kushe kuma suna da hujja. Labarin ba shi da nauyi, lafazin Sikotilanci na Gaynor yana zuwa yana tafiya, barkwancin ɗan wasa El Brendel kuwa kwaikwayon harshen baƙi ne kawai, wanda yau ba ya ba kowa dariya. Ga kuma dokar 1924 da ta taƙaita shigowar baƙi: fim ɗin ya taɓa wahalarta sama-sama, ya lulluɓe ta da soyayya.

Sautin ma sai an yi haƙuri, domin fim mai magana bai wuce shekara huɗu da yaɗuwa ba a lokacin.