Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna illa, amma Baba na harkokinsa

Tambaya: Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, shekarunsa 62, yana jin Hausa da Larabci da Turanci. Shekara biyu ke nan sunayen abubuwa suna ɓace masa. Rannan na ce, "Baba, in kawo maka buta?" sai ya ce, "Mece ce buta?" Hoton MRI ya nuna gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa ya motse sosai, alhali yana karatun Alƙur'ani da ka, yana zuwa Kantin Kwari shi kaɗai. Ko kuskure aka yi a hoton?
Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Da wuya a ce kuskure ne. Bayaninki ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira PPA, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai raunana magana da fahimtar kalmomi, wanda Dakta Marsel Mesulam ya bayyana a Amurka a 1982. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take ɗauke magana, shi kuwa wannan a hankali yake cin ta, galibi kafin shekara 65.

Iri uku ne. Wani yana sa magana ta riƙa fita da ƙyar, wani kuma yana sa mutum ya tsaya laluben kalma a tsakiyar zance. Na Baba ya fi kama da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ta gefen hagu, daura da kunne, inda ma'anar kalmomi take. Shi ya sa "buta" ta zame masa baƙuwa, amma hadda da lissafi da sanin hanya suna nan, domin ba wannan wurin kaɗai suka dogara da shi ba.

Akwai kuma abin da masana ke kira ajiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya daɗe yana karatu da koyarwa, ƙwaƙwalwarsa kan sami wasu hanyoyin yin aiki idan ɗaya ta toshe, kamar direban da ya san lungunan cikin gari. Sai hoto ya nuna ɓarna mai yawa, alamu kuwa 'yan kaɗan. Sai dai idan ajiyar ta ƙare, raguwar kan zo da sauri, don haka muke roƙon kada a yi sanya.

A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da hoton a hannu. A gwada jinsa, a auna bitamin B12 da aikin thyroid (sashen wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo) da sukari da hawan jini. Babu maganin da ke tsayar da ciwon, amma atisayen magana na taimakawa. Tun yanzu ku ɗauki hoton kayan da yake amfani da su kullum, kamar 20 zuwa 30, ku rubuta sunan kowanne a ƙasa, ku riƙa bi tare da shi na minti 15 a rana. Kada a riƙa yi masa jarrabawa a gaban baƙi. A kuma sa masa takarda mai adireshin gida da lambar wayarki a aljihu kafin ya fita.