Dutse ne ko kwalba? Amsar maigida a kan baƙin obsidiyan

Ka ce in gaya maka tsakani da Allah, baƙin dutsen nan da Alhaji ya kawo a yi masa carbi da ƙwallon ado na kan tebur, dutse ne ko kuwa fasasshiyar kwalba aka sayar masa. Ka kuma ce tun da kake bin mu sayen kaya a Toro da Nabordo, ba ka taɓa ganin mai haƙa ya fito da irinsa ba. To ajiye soson nan ka zauna, ɗana. Idonka bai yi maka ƙarya ba, gilashi ne. Sai dai ba ɗan Adam ya dafa shi ba, dutse mai aman wuta ne ya amayo shi, kuma obsidiyan ake ce masa. Yawancin ɓarnar da ake yi masa a kan inji daga nan take farawa, mutum ya kama shi da hannun da yake kama duwatsun ado masu tauri irin su akwa ko tomalin.

Narkakken dutsen da ke cikin ƙasa iri-iri ne. Akwai wanda sinadarin silika, wato abin da ke cikin farin yashi, ya kai kashi 70 cikin 100 ko ya fi. Wannan kauri gare shi, da ƙyar yake motsi. In ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, kowane sinadari sai ya nemi ɗan'uwansa su haɗu su yi ƙwaya, shi ne kake ganin duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, ka fasa ka ga tsaki-tsaki fari da baƙi da ja. In kuwa ya fito sarari ya huce da sauri, ga kauri ga rashin lokaci, sai ya daskare yadda yake, babu ƙwaya ko ɗaya. Ka taɓa tsayawa wajen mai alewa? Ya narkar da sukari ya zuba a faranti, nan take ya daskare garau, ka karya ya ce ƙaras. Bar alewar nan ta daɗe tana shan raɓa, sai ka ga ta dushe ta koma gari-gari. Haka obsidiyan yake yi, sai dai nasa lokacin miliyoyin shekaru ne.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Ba wai ƙasarmu ba ta taɓa aman wuta ba. Duwatsun Ningi da Burra sun amayo irin narkakken dutsen nan mai yawan silika, amma fiye da shekara miliyan 150 ke nan, ko da gilashi ya fito a lokacin, tuni ya sha ruwa ya koma dutse mai ƙwaya. Waɗanda suka yi aman daga baya, irin na tsaunin Biu da na wajen Panyam a Filato, nasu baƙin dutse ne mai ƙarancin silika, ruwa-ruwa yake fita, shi ya sa yake yin ƙananan ƙwayoyi maimakon gilashi. Saboda haka wanda ke yawo a hannun 'yan kasuwa daga waje yake zuwa: Meziko a kan gaba, sai yammacin Amurka, Turkiyya, Armeniya, tsibirin Lipari na Italiya, a nan Afirka kuma Habasha da Kenya, wajen tafkin Naivasha. A jihar Oregon ta Amurka akwai wani malalen obsidiyan a Newberry da bai wuce shekara 1,300 da fitowa ba. A lissafin duwatsu wannan jariri ne. Duk wanda ya buɗe maka ƙulli ya ce daga dajin Ningi ya haƙo obsidiyan, ka sa madubin dubawa kafin ka sa baki a ciniki.

Kada jin an ce gilashi ya sa ka raina shi. Dubi inda ya ɓalle a gefen nan, ka ga yadda ya yi lanƙwasa da zobba-zobba. Bakin wannan ɓallin ya fi reza kaifi nesa ba kusa ba, har akwai likitocin da suka yi fiɗa da shi. Tun kafin a san ƙarfe mutane suke neman sa. A Olorgesailie ta Kenya an tono kayan obsidiyan na kimanin shekara 300,000, waɗanda aka ɗauko daga wurare masu nisan tafiya. A Catalhoyuk ta Turkiyya an samu madubai da aka goge da hannu shekara 8,000 da suka wuce, babu inji babu lantarki, ka tuna da wannan ranar da za ka ce mini an ɗauke wuta shi ya sa ba ka gama ba. Baƙin idon da ke fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankhamun na Masar obsidiyan ne. Mutanen Aztek na Meziko kuwa a zamanin da jera shi suke a gefen katako su yi takobi, su kuma goge shi su yi madubi.

Yanzu kuɗinsa. Baƙi zalla ba shi da tsada a inda yake fitowa, da tan ake kwasa. Abin da masu tara shi suke biya abu biyu ne: zanen da ke cikinsa, da hannun wanda ya goge. Akwai mai fararen ɗigo kamar furanni, waɗannan ƙwayoyin ne da suka fara tsirowa cikin gilashin. Akwai mai ratsin ja-ja da baƙi, tsatsar ƙarfe ce ta ba shi launin. Akwai mai sheƙin zinariya ko azurfa, wanda ƙananan kumfar iska da suka miƙe a jere suke mayar da haske. Sai sarkinsu, mai bakan gizo, wanda mafi shahararsa daga jihar Jalisco ta Meziko yake. A inuwa baƙi ne wuluk, ka fito da shi rana ka juya sai kore da shuɗi da shunayya su taso shimfiɗa-shimfiɗa. Abin da ke kawo haka ƙwayoyin ma'adini ne masu ƙarfe, ƙanana ƙwarai, da suka kwanta a jere. Na Alhaji na duba, guda biyu a ciki masu sheƙin zinariya ne, sauran baƙi ne zalla. Masu sheƙin kada ka taɓa su sai ina tsaye.

Yadda za ka bambanta shi da 'yan'uwansa baƙaƙe ba wuya. Baƙin tomalin da ya cika mana kasuwa yana da layuka a tsaye a jikinsa, ya fi nauyi a hannu, taurinsa 7 zuwa 7.5 a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi. Obsidiyan 5 ne zuwa 5.5, ɗan guntun farin kwaz, wato ƙanƙarar dutse, zai karce shi, amma ba zai yi wa tomalin komai ba. Baƙin oniks ma, wanda yawanci rina shi ake yi, ya fi shi tauri. Ka ɗaga bakin obsidiyan inda ya yi siriri ka haska tocila, za ka ga ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne ko toka-toka, wani ma kore-kore kamar na Pachuca ta Meziko.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakaninsa da gilashin masana'anta, don taurinsu kusan ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, karce ba zai raba maka gardama ba. A nan sai ido. Na halitta yana da ratsin malala, kumfarsa a miƙe take ta bin hanyar da ya gudana, wani lokaci da 'yan ƙananan allurai a ciki. Na masana'anta kumfarsa zagaye take, a kan ƙwallon carbi kuma kana iya samun layin da bakin mazubi ya bari. Wanda kuma aka kawo maka shuɗi garau, ko ja jawur, ko ruwan ɗorawa da kake hango yatsanka ta ciki, aka ce obsidiyan ne, ka mayar wa mai shi kayansa. Ni ban ƙi gilashin hannu ba. Masagan Bida sun gaji narka gilashi suna yin ƙarau da tsakiya, sana'a ce mai daraja, kuma ba sa ce maka daga bakin dutse suka ɗebo. Laifin na mai sauya suna ne. Gaskiyar da ba kowa zai gaya maka ba ita ce, baƙin ƙwallo zalla in an gama goge shi, ko ni sai in yi ta juya shi ban yanke hukunci ba. Shi ya sa na fi son a kawo mini shi ɗanye da ɓawonsa.

To ga aikin kansa. Abu na farko ruwa, na biyu ruwa. Zafi ne ajalinsa. Gilashi ba ya rarraba zafi da sauri, wuri ɗaya ya yi zafi gefensa na sanyi, sai ka ji tas, tsaga ta ratsa. Ko a zarto mai bakin daimon ko a faifan wasawa, kada ruwa ya yanke, kada kuma ka danna. Bar injin ya ci da kansa. In ka kusa ƙarshen yanka ka sassauta hannu, don a nan yake ɓallewa ya tafi da gefe. In za ka manna shi a sandar da ake riƙe dutse da ita wajen wasawa, kada ka kanga shi a wuta kamar yadda muke yi wa amatis, dutsen nan ruwan shunayya. Ɗumama shi a hankali, ko ka yi amfani da gam mai sanyi.

Kafin ka yanka mai sheƙi, jiƙa shi ka fita rana ka yi ta juyawa har ka ga fuskar da hasken ya fi tashi, ka sa alama. Shimfiɗun nan a kwance suke, ka yanka kusan daidai da kwanciyarsu, da ɗan karkace kaɗan, sa'an nan in ka yi masa doro sheƙin zai fito zobba-zobba. Ka yanka a tsaye ka ratsa su, ka mayar da dutse mai kuɗi baƙin banza, kuma babu gyara.

Wajen wasawa kada ka fara da faifai mai kaushi sosai. Lamba 80 da muke fara akik da ita tana bar masa ƙananan tsagu a ƙarƙashin fata waɗanda ba za ka gani ba sai a ƙarshe. Fara da 220, ka karya masa kaifin gefe tukuna, sa'an nan 600, 1,200, 3,000, lamba na hawa kaushi na raguwa. Tsakanin kowace lamba ka wanke dutsen, ka wanke hannunka, ka wanke har ƙarƙashin farce, ƙwayar gari ɗaya daga lambar baya ta isa ta ja maka layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ka shanya shi ya bushe ka duba a hasken rana. A jiƙe kowane aiki kyakkyawa ne, bushewa ke tona asiri. In ka ga karce ɗaya, koma baya. Na san halinku, yaran yanzu, za ku ce mataki na gaba zai cinye shi. Ba zai cinye ba, haskaka shi zai yi, kuma baƙin dutse ba ya rufa wa kowa asiri. Sauri ya haifi nawa.

Gogewar ƙarshe da garin siriyam ake yi, irin wanda masu gilashin mota suke cire karce da shi. Dama shi da ruwa, ka shafa a fata, ka rage gudun injin. Ka riƙa taɓa dutsen da bayan yatsa, in ya fara ɗumi ka dakata, amma kada ka tsoma shi a ruwan randa yana da zafi. Ka san ka gama in ka ga fuskarka a ciki har da gashin gira, babu hazo.

Hujin ƙwallon carbi shi ne inda aka fi asara. Huda daga gefe ɗaya zuwa tsakiya, ka juya ka huda daga ɗaya gefen su haɗu, duk a cikin ruwa. Ka zarce ta gefe ɗaya, bakin mafita zai fashe. Bakin hujin kuma ka daddaɗe shi, in ba haka ba sati bai cika ba ya yanke zaren. In carbi mai ƙwallo 33 ne ka yanka 40, ka san wasu za su tafi. Ni da Alhaji ya nemi shawarata kafin ya sayo, da na ce ya bar shi a ƙwallon tebur da kan zobe mai kariya, don carbi kullum a hannu yake, yana karo da juna, yana faɗuwa a siminti. Amma tun da ya nace, za mu yi, mu kuma gaya masa ya raba shi da aljihun makulli, ya guji barin sa a gaban mota cikin rana, in ya yi datti ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Za ka haɗu da masu tambaya ko gaskiya ne yana korar sammu da kambun baka, don haka ake tallarsa a Facebook. A shagon nan ba ma sayar da wannan magana. Ka ce musu gilashin dutse ne mai kyan gani, ga ƙasar da ya fito, ga aikin da aka yi masa, kariya kuwa ta Allah ce.

Saura lafiyarka. Tabarau ba ya sauka daga fuskarka muddin inji na juyawa, ɓallinsa kan yi tsalle, kuma a ido ba ya da magani mai sauƙi. Kada ka share tebur da tafin hannu, yana yanka ba ka ji ba sai ka ga jini. Ƙurarsa silika ce, irin wadda ke cinye huhun masu fasa dutse a kwari, don haka kada ka wasa shi a bushe ko na minti ɗaya, kuma laka da ta taru a ƙarƙashin injin ka kwashe ta tun tana jiƙe. Silifas ɗin nan naka ba za su yi ba, gobe ka zo da takalmi rufaffe. Kafin ka yi shara ka yayyafa ruwa, ɓarɓashin ka ƙulle shi a kwali ka kai rami, kada ka zuba a bola inda almajirai ke bi ba takalmi.