Yadda Taufik ya hau gadon mulkin Masar a 1879

Malam, ka tambaya ko rasuwa mahaifin Taufik Pasha ya yi shi kuma ya gaje shi. A'a, mahaifin nasa, Isma'il Pasha, yana nan da ransa garau aka tuɓe masa rawani.

Bashi ne ya ci shi. Ya yi ta ciwo kuɗi wajen Turawa yana shimfiɗa layin dogo, yana gina fadoji, ga shagalin buɗe mashigin Suwez a 1869, har bashin ƙasa ya doshi fam miliyan 100. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin a kan kusan fam miliyan 4, amma ko kusa bai cike ramin ba. Da ya fatattaki ministocin Turawa da aka ƙaƙaba masa, sai Ingila da Faransa suka matsa wa Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, lamba, don Masar tana ƙarƙashinsa. Ranar 26 ga Yunin 1879 wayar tangaraho ta iso daga Istanbul, an kira Isma'il "tsohon Kidiwi" tun daga adireshi (Kidiwi shi ne laƙabin mai mulkin Masar a lokacin). Ran nan aka naɗa Taufik, bayan 'yan kwanaki uban ya hau jirgin ruwa sai Italiya.

Ni kam tausayin Taufik nake ji: rawani a kansa, baitulmali a hannun masu bin bashi. Da sojoji suka yi masa bore ƙarƙashin Ahmad Urabi, sai ya jingina da Ingila. Jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Iskandariyya ruwan wuta a Yulin 1882, a Satumba sojojinta suka murƙushe Urabi suka shiga Alƙahira.