Haruffa masu faɗi ɗaya: mene ne amfaninsu?

Tambaya: Malam, na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, sai na lura cewa haruffan da muke aiki da su duk faɗinsu ɗaya, kuma ba su da 'yan ƙafafun adon nan da ake gani a haruffan littafi. Mene ne dalili, kuma ko zan iya buga wasiƙa da su?

Amsa: Malama, asalin abin daga tafireta yake, domin kowane harafi aka buga, takarda kan gusa da taki iri ɗaya, ko harafin i ne siriri ko m mai faɗi. Masu rubuta manhaja sun riƙe wannan tsari saboda yana sa harafi na goma a kowane layi ya zauna daidai ƙarƙashin na goman layin da ke samansa, ta yadda ido zai hango kuskure nan take. A Python ma, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, tazarar da aka bari a farkon layi tana cikin ma'anar umarnin, kuma idan ta goce manhajar na iya ƙin aiki.

Wahalar tana kan mai zana haruffan, wanda aka ba shi ɗakuna masu girma ɗaya ya zaunar da ƙato da siriri. Dole ya matse m da w har ƙafafunsu su kusa haɗewa, sannan ya buɗa i da l don kada su bar fili a gefensu. Shi ya sa, idan kika ƙura ido ga salon haruffan da ake kira Consolas, wanda Lucas de Groot ya zana wa Microsoft, za ki ga an yi wa i da l 'yar shimfiɗa a ƙasa, alhali yawancin sauran haruffan ba su da ado. Wannan shimfiɗa kuma ita ke raba ƙaramin l da lamba 1 da babban I, kamar yadda layin da aka ratsa cikin sifili ke raba shi da harafin O. Wanda ya taɓa kwafar kalmar sirri ya san darajar wannan.

Ba a manhaja kaɗai ake aiki da irin waɗannan haruffa ba. Ki duba ƙasan shafin hoto a fasfo: layuka biyu ne, kowanne da gurbi 44, an buga su da salon haruffa masu faɗi ɗaya mai suna OCR-B, wanda Adrian Frutiger ya zana a 1968 domin na'ura ta karanta.

Game da wasiƙa, ba haramun ba ne, amma ban ba ki shawara ba, saboda dogon rubutu da irin waɗannan haruffa yana cin takarda, yana kuma gajiyar da ido. Idan za ki rubuta Hausa da su, ki fara gwada ƙ da ɗ da ɓ, domin salon da ba shi da su yakan sa kwamfuta ta aro daga wani, sai jerin ya karkace.